Wane Madubin Hangen Nesa Ya Dace da Kallon Tsuntsun Kurmi?

Tambaya: Malam, ina shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba domin ganin tsuntsun nan mai jan ƙirji da ƙaton baki wanda Turawa ke kira babet. Mai kanti ya nuna mini madubin hangen nesa iri biyu, 8x42 da 12x50, ya ce na biyun ya fi. Wanne zan saya, kuma yaya zan gane tsuntsun?

Amsa: Malama, ki sayi 8x42. Lambar farko tana nuna ninkin kusantowa, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai kanti bai yi ƙarya ba, domin 12 ya fi jawo abu kusa, amma cikin kurmi ganye ya rufe sama, haske kaɗan ne, tsuntsu kuma ba ya jiran kowa. Mai ninki 8 yana ba ki fili mai faɗi da hoto mai haske, ba ya rawa sosai a hannu, wuyanki ma ba zai gaji da nauyinsa ba. Ki tabbata ruwa ba ya shigarsa, saboda raɓa da laimar daji kan sa gilashi mai araha ya yi hazo daga ciki. Kafin ki biya, ki leƙa lungu mafi duhu na kantin da shi, ki ga ko za ki iya karanta ƙaramin rubutu.

Game da gane tsuntsun, iri biyu ne suke rikita mutane. Na bakin kurmi bayansa baƙi ne, ja ya sauko daga maƙogwaro har ciki ba tare da yankewa ba, bakinsa kuma fari-fari mai 'yan haƙora biyu a gefe. Ɗan'uwansa na dajin arewa yana da gemu mai kauri a gindin baki da baƙar ɗamara a ƙirji, kuma ɗamarar ce za ki fara dubawa.

Kada ki wahalar da kanki da yawo. Ki sa mai rakiya ya kai ki gindin ɓauren da 'ya'yansa suka nuna, ki zauna da sassafe, ki riƙa lura da busassun rassa, domin a nan suke fafe ramin sheƙarsu kamar danginsu maƙwaƙwafa.