Me ya sa manhajar rumbun bayanai take cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne nake kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Samaru, kuma muna ajiye sakamakon ɗalibai a kan manhajar rumbun bayanai ta SQL Server, a kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, gigabait 16. Da safe komai lafiya, amma kafin azahar sai Task Manager, mai nuna abin da kowace manhaja take ci, ya nuna manhajar ta riƙe kusan gigabait 14, kuma ba ta sakewa ko bayan an tashi. Shin ƙwayar cuta ce ta shiga?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin abin da ka bayyana ɗabi'ar manhajar ce, haka aka gina ta. Karanta bayani daga RAM ya fi karanta shi daga faifai sauri nesa ba kusa ba, saboda haka duk lokacin da wani malami ya nemi sakamakon wani aji, SQL Server takan ɗauko bayanin daga faifai a shafuka masu girman kilobait 8, ta ba shi amsa, sannan ta bar shafukan a ƙwaƙwalwa domin mai nema na gaba. Dubi ɗan kasuwa a Sabon Gari: kayan da aka fi saya yakan jera su a kan kanta, ba ya mayar da su sito bayan kowane ciniki, kuma cikar kantarsa alama ce ta ana ciniki.

Yadda rabon yake shi ne, manhajar ba ta taɓa RAM kai tsaye. Takan roƙi Windows ta ba ta fili, Windows kuma ta ba ta adireshi na ƙwaƙwalwa, sai lokacin da aka fara zuba bayani a wurin ne ake haɗa shi da RAM na zahiri. Shi ya sa kake ganin adadin yana hawa sannu a hankali daga safe zuwa rana. Abin da ta karɓa kuma takan riƙe shi, ita da kanta take rarraba shi a cikin gida, ba ta mayarwa sai Windows ta sanar da ita cewa ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci.

Inda matsala take shi ne iyakar da ta zo da ita. Saitin da ake kira max server memory yana zuwa ne a kan megabait 2,147,483,647, wato tamkar an ce mata ta ɗauki duk abin da ta samu. Idan ta matse Windows, sai ita Windows ɗin ta fara kwashe wasu abubuwa daga RAM tana jibge su a faifai, daga nan ne kwamfuta take yin nauyi. Shawarata ita ce ka buɗe SQL Server Management Studio, ka shiga saitin sabar, wato na ita SQL Server ɗin, ka sanya iyakar a kan kimanin gigabait 12, ka bar wa Windows huɗu. Idan akwai wasu manhajoji a kan kwamfutar, ka ƙara rage mata. Canjin yana aiki nan take ba sai an kashe an kunna ba. Kuma ina roƙonka kada ka saba da kashe sabar kullum don adadin ya sauka, domin kana zubar da duk abin da ta tara ne, sai ta sake komawa faifai daga farko.

Tambaya: Ina da ƙaramin shafin intanet na sayar da kaya daga Tudun Wada, a kan sabar haya ta Linux mai RAM gigabait ɗaya. MySQL, manhajar rumbun bayanan shafin, takan mutu haka kawai idan masu ziyara suka yi yawa. Mene ne dalili?

Amsa: Hajiya, mafi yawan lokuta Linux ce take kashe ta. Linux takan yi wa manhajoji alkawarin ƙwaƙwalwa fiye da wadda take da ita, bisa zaton ba za su yi amfani da ita duka a lokaci guda ba, to idan suka nema gaba ɗaya kuma babu, sai ta zaɓi mai cin ƙwaƙwalwa da yawa ta kashe, wanda galibi rumbun bayanai ne. Ki duba rahoton dmesg, wato umarnin da yake nuna saƙonnin Linux, za ki ga an rubuta Out of memory tare da sunan mysqld, wato MySQL.

Ma'ajiyar shafuka ta MySQL, wato innodb_buffer_pool_size, tana zuwa a kan megabait 128, amma kowane mai haɗuwa da MySQL yana da nasa ɗan kaso na daban, kuma an ba da izinin haɗuwa har 151 a lokaci guda. Ana yawan cewa a ba ma'ajiyar kashi 80 cikin ɗari na RAM, sai dai wannan na sabar da MySQL ce kaɗai a kanta, taki kuwa tana ɗauke da shafin ma. Ki rage wannan adadin, wato max_connections, zuwa 30, ki ware gigabait ɗaya na faifai a matsayin swap, wato filin da Linux take jibge abubuwa idan RAM ta cika, idan kuma ciniki ya ƙaru ki koma sabar mai gigabait biyu.