Amsa ga 'yar'uwar da aka yi wa aikin endometriosis (cutar da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa)

Wallahi 'yar'uwa ina karanta tambayarki sai da na ajiye waya. Kwana biyar da aiki, kafaɗa na ciwo, ciki a kumbure, bayan gida ya ƙi zuwa. Haka na yi, sak.

Ciwon kafaɗar kar ya tsorata ki. Iskar da suke hura wa ciki ce lokacin aikin kyamara, ragowarta ke taɓo jijiya har ki ji a kafaɗa. Ni kwana uku ina zaton zuciyata ce. Ki riƙa zagaya tsakar gida a hankali, ko minti biyar-biyar, iskar za ta tafi, kuma tafiyar tana hana jini daskarewa a ƙafa.

Nawa aikin ya fi naki girma, adenomyosis ce, wato shimfiɗar cikin mahaifa ta kutsa cikin naman bangonta, ta haɗu da endometriosis, sai da aka cire mahaifa. Likita ya ce sati 6 kar in ɗaga abu mai nauyi. Kwana goma sha biyu da sallamo ni, yayar maigidan ta shigo ta tarar da ni kwance, ta ce, "Masu haihuwa ma sun miƙe, bare ke da ba ki haifi komai ba." A gaban mahaifiyata ta faɗa! Zuciya ta ɗebe ni, na ciccibi bokitin ruwa zuwa banɗaki. Daren nan jini ya ɓalle, aka kwashe ni sai asibiti. Har yau matar nan ba ta ce mini sannu ba. Shekara 11 ina birgima da ciwon mara duk wata ana ce mini in na yi aure zai daina, amma maganarta ta fi min zafi.

Af, bayan gida. In tramadol suka ba ki, shi ke ɗaure ciki. Ki sha ruwa sosai, ga gwanda, ga miyar kuka, in ya ƙi ki roƙi likita maganin sassauta ciki. Kar ki yi nishi. In za ki yi tari, danna filo a marar. Sallah a zaune na yi ta.

Kuma don Allah kar a gasa miki ciki da ruwan zafi, ba jego kike ba. Zazzaɓi, ruwa mai wari, jini da yawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ki koma asibiti ko tsakar dare ne. Ranar da za ki koma ganin likita ki tambaye shi maganin da zai hana ta dawowa, don endometriosis takan dawo. Allah ya ba ki lafiya.