Ku Tambayi Likitan Dabbobi: Wata 'yar jaka a cikin agwagwa

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, ni ce mai kiwon agwagi a unguwar Birni nan Damagaram. Mun yanka wani ɗan agwagwa da bai wuce wata biyu ba, sai na ga wata 'yar jaka doguwa a saman duburarsa ta ciki, alhali manyan da muke yankawa ba na ganinta, shin ciwo ne? Kuma ƙananan suna yawan mace min.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ciwo ba ne wallahi, halitta ce. Ana ce mata jakar Fabirishiyus, sunan wani likitan Italiya da ya fara bayaninta, amma sai a 1956 masana a Amurka suka gano aikinta, wato a cikinta ne ƙwayoyin da ke haɗa garkuwar jiki suke girma su nuna kafin su bazu cikin jini. Ta kaza a dunƙule take, ta agwagwa kuwa doguwa ce kamar ɗan yatsa, tana girma tun ɗan agwagwan yana ƙarami, idan ya balaga sai ta tsuke har ta ɓace, shi ya sa ba kya samunta a manya. Haka ma wasu 'yan tsokoki da ke jere gefe da gefe a wuyansa, su ma na garkuwa ne kuma suna tsukewa da girma. A cikin kayan garkuwar, saifa ce ke zama har tsufa.

To batun mutuwar ƙananan nan shi ya fi damuna. Ɗan agwagwa yana fitowa da garkuwar da uwa ta zuba masa a kwanduwa, tana ƙarewa cikin sati biyu zuwa uku, nasa kayan garkuwar kuwa ba su gama ƙwari ba, a wannan tsakanin ne ake asara. Don Allah ki duba abincinsu, ƙuli-ƙuli ko dusa ko masarar da ta sha danshi ta yi hunhuna musamman da damina, akwai dafi a ciki da ke lalata hanta ya kuma tsuke jakar nan tun lokacinta bai yi ba, kuma 'ya'yan agwagwa sun fi na kaza saurin kamuwa. Kada ki ce ai agwagwa ba ta da zaɓen abinci! Ki raba su da ruwan kwata, in wani ya sake mutuwa ki kai shi wurin likitan dabbobi ranar nan a buɗe a gani.