Makullin motata ya ɓata, an ce a cire tsaron kawai a huta

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Daga Tahoua nake rubuto maka, kuma wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Ina da Toyota Camry ta 2009, shigowar Amurka, da makulli guda ɗaya na saye ta. Ranar Lahadi na shiga kasuwa, da na fito na laluba aljihu babu makulli. Ban sani ba ko faɗuwa ya yi ko zare shi aka yi. Wani mai yankan makulli ya kwance kan ƙofa ya yanko mini sabo. Yana buɗe ƙofa, yana murɗa kontak, demarar, wato abin da ke murza inji ya tashi, yana juyawa, amma mota ta ƙi tashi, sai wata ƴar jar fitila da ke ta ƙiftawa a tablo. Wani mai wayarin ya ce in ba shi jika 40 ya cire tsaron gaba ɗaya, kowane makulli ya riƙa tada ta. Wani kuma ya ce sai an sake kalkilatar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Yau kwana huɗu ke nan motar na ƙofar gidan mutane, kuma da ita nake kai mahaifiyata asibiti. Wanne zan bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya mayar maka da alheri. Ka kwantar da hankalinka, motarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka kwatanta, demarar na juyawa, inji ya ƙi kamawa, jar fitila na ƙiftawa alhali makulli na cikin kontak, shi ne halin Toyota idan ta ga makullin da ba ta sani ba. Da makullinta na asali ne, kana zura shi fitilar nan za ta mutu nan take. Mai yankan makullin ya yi rabin aiki, wato ya yanka ƙarfe. Sauran rabin shi ne ƴar ƙwayar da ke cikin kan makulli, wadda muke ce wa pus, da kuma gabatar da ita ga motar.

Cikin shawarwari biyun da aka ba ka kada ka bi ko ɗaya. Ta sake kalkilatar ba sai mun daɗe a kanta ba. A Camry ta wannan shekara, sunayen makullai suna ajiye ne a wani ƙaramin akwati daban da ke can bayan tablo, kalkilatar jira kawai yake akwatin ya ce masa "na san wannan" ya saki mai da wuta. Ka sayo wani kalkilatar ka ɗaura, akwatin nan dai bai san sabon makullinka ba, ka yi asarar kuɗi kuma ka ƙara wa kanka aikin haɗa su.

Ga yadda ake yi. Mai aikin zai jona na'urarsa a kafar nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya nemi motar ta goge duk makullan da ta sani. Toyota takan sa a jira kamar minti 16 kafin ta yarda, da gangan aka yi haka don ɓarawo ba ya son zama cikin mota yana kallon agogo. Bayan nan sai a shigar da sababbi. Pus ɗin da Camry ta 2009 ke ci shi ne mai lamba 4D67, wanda a makullan asali za ka ga an ɗiga masa ɗigo ɗaya a jikin ƙarfe. Na bayansa masu harafin G da H ba sa shiga, ko da kamarsu ɗaya a ido. Sannan tunda motarka ta Amurka ce, rimot ɗinta a kan zangon rediyo mai lamba 315 yake magana, na Turai kuma 433. Rabin waɗanda ke zuwa wurina da rimot a leda suna cewa "ya ƙi shiga" wannan ce matsalarsu, sun sayi na Turai don motar Amurka. Abu ɗaya zan roƙe ka: motar da ta kwana huɗu ana ta murɗa mata demarar batirinta ya yi sanyi. A caje shi ko a jona wani kafin a fara. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a cikin akwatin nan, to an shiga wata maganar.

Yanzu bari mu zo kan mai jika 40, don shi ne ya sa na zaɓi tambayarka cikin waɗanda suka zo.

Babu ranar Allah da wani ba zai shigo shagona nan Yamai ya ce, "Malam, a cire mini abin nan kawai, kayan Turawa ne, mu nan ba mu buƙatarsa." Na ji wannan magana har na gaji da jin ta. Mutane sun ɗauka tsaron nan wani ado ne da aka liƙa wa mota daga baya, kamar rediyo, ka zare shi ka ajiye gefe. To ba haka yake ba. Tun 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta shi a kan sababbin motoci, kuma masu ƙera mota suka saƙa shi cikin ƙwaƙwalwar injin kanta. Babu wata waya guda da za a yanke a ce an gama. Duk wanda ya ce maka zai "cire", ka tambaye shi ta yaya, ka ga yadda zai fara kame-kame.

Ni na san ta yaya, don ni ake kawo wa gawar daga baya. Wani zai je wurin masu kayan tsofaffin motoci ya sayo kalkilatar da akwati da pus na wata motar da ta yi hatsari, ya ɗaura maka, ya naɗe pus ɗin da salatif a jikin zoben da ke kewaye da kontak, ya mayar da roba ya rufe. Mota ta tashi, ka yi murna, ka biya. Abin da ba a gaya maka ba, yanzu motarka kullum tana ganin makulli a jikinta, dare da rana. Sukudireba mai ƙarfi ma ta isa. Kuma kalkilatar da aka ɗaura maka wataƙila na wata shekarar ne ko na wata kasuwar, sai ka ga mota ta fara shan mai kamar ana zubarwa, giya na shiga da duka, fitilar inji ta kunnu ta ƙi mutuwa. Daga nan ka fara yawon gareji, ana sake maka buji da famfon mai, cutar kuwa tana can inda aka taɓa.

Wannan ma mai ɗan sani ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai almakashi da ƙwan gwaji. Shi a tunaninsa famfon mai ne aka hana wa wuta, sai ya ja waya kai tsaye daga batir ya ba shi. Mota ba ta tashi ba, don kalkilatar ya riƙe injekta da wutar buji. Sai ya ƙara yanka wata. Haka zai yi ta bi yana feɗe wayoyin ƙarƙashin sitiyari, yana murɗe su da hannu yana naɗa salatif, fis ya ƙone ya cusa masa zaren waya. A daidai wurin nan ne wayoyin balan-balan ɗin kariya suke bi, masu kai ruwan ɗorawa. An yi musu wannan launi ne don a ce kada a taɓa, shi kuwa ƙwan gwajinsa bai san launi ba.

Kai mutumin Tahoua ne, ba sai na gaya maka zafin watan Afrilu da Mayu ba. Mota ta wuni a rana, cikin tablo kamar tanda. Salatif ya saki, gam ɗinsa ya narke, wayoyin da aka murɗe suka fara motsi da kowane rami. In an yi sa'a, mota ta ƙi tashi da safe. In ba a yi ba, ta mutu tana gudu. Ka ɗauka kana tsakanin Konni da Dogonduci, ka fita za ka wuce babbar mota mai albasa, wata na tahowa, inji ya ɗauke. Sitiyari ya yi nauyi a hannunka nan take, birki ya ba ka taku biyu ko uku ya sandare. Ga Hajiya a kujerar baya. Wannan shi ne abin da ake sayar maka a jika 40. Famfon man da aka ba wuta kai tsaye kuwa, ko an yi karo ba ya tsayawa, yana ta turo mai a kan inji mai zafi.

An taɓa jawo mini wata Corolla a kan igiya, mai ita ya rantse sau ɗaya kawai aka taɓa ta. Da muka sauke tablo na ƙirga wurin da aka yanka aka ɗaure har na daina ƙirgawa, wata wayar ma ta fitilar gida ce aka ƙara da ita. Kwana uku muka yi muna bin waya ɗaya-ɗaya da zane a hannu. Kuɗin da ya kashe ya ninka na makulli sau da yawa, kuma daga ƙarshe dai sai da aka yi makullin. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Abin da ya fi ƙona mini rai, wanda ya yi masa ɓarnar ya ce masa ai motar ce "mai taurin kai".

Kuma a naka lamarin akwai abin da ya sa cire tsaro ya fi muni. Kai da bakinka ka ce ba ka sani ba ko zare makullin aka yi. A ce zare shi aka yi. Wanda ke riƙe da shi ya san motar, wataƙila ya ga inda ka ajiye ta, Tahoua kuma ba ta da girman da Camry za ta ɓuya. In aka cire tsaro, ƙarfen da ke hannunsa zai buɗe ƙofa ya tada mota ya tafi, kuma iyakar Najeriya ba nisa. In aka yi aikin yadda na ce, an goge sunan tsohon makullin, ko ya shiga ya murɗa sai dai ya ji abin da kake ji yau. Don haka ka tsaya a kan mai aikin ka tambaye shi da baki: an goge tsofaffi? Rimot ɗin ma a goge na da, shi rajistarsa daban ce. Ƙarfen dai zai ci gaba da buɗe ƙofa, in zuciyarka ba ta kwanta ba sai a sake kawunan ƙofa da na kontak.

A nan ne mutane ke rikita kwafi da rajista. Kwafi shi ne a ɗauki pus mai aiki a juye shi cikin wani, mota na ganin su biyun a matsayin makulli ɗaya. Yana da amfani ga mai son na ajiya. Amma wanda ya ɓatar da ɗaya cikin biyu ya je aka yi masa kwafin wanda ya rage, ɓataccen yana nan da ransa.

Sauran jita-jitar da za ka ji a bakin gareji, ka bar ta a can. Wai a cire kan batir a kwana, mota za ta manta. Ba ta mantawa, ko shekara ta yi. Wai batirin makulli ne ya mutu. Ƴar batir ɗin nan ta rimot ce kawai, pus ba ya cin batir, daga zoben kontak yake samun wutarsa. Ko motoci masu maɓallin tadawa, in batirin ya mutu ka kanga makullin a jikin maɓallin ka danna, za ta tashi.

Sai maganar takardu, kuma a nan mu da masu mota muke yawan ɓatawa. Duk mai aikin kirki zai ce ka kawo kart giris, wato takardar mallakar mota, da katinka na ɗan ƙasa, ya duba lambar shasi mai harafi da lamba 17 ya ga ta yi daidai. Tunda ɓata ya yi, ka biya kwamisariya ka yi takardar ɓata, ta kare ka ta kare shi. Na san zaman layi ne, na san za a iya ce maka ka dawo gobe, ni ma ba daɗinsa nake ji ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya sayi mota shekara biyar, kart giris na ɗauke da sunan wanda ya sayar wa wanda ya sayar masa, babu ko takardar ciniki, sannan ya zo yana mini faɗa wai na mayar da shi ɓarawo. To ni ta ina zan bambanta ka da ɓarawon? Shi ma "makullina ya ɓata" yake cewa, har da rantsuwa. Wanda ya yarda ya yi maka makulli bai tambaye ka komai ba, gobe haka zai yi wa wani a kan motarka. Mu ji tsoron Allah mu masu wannan sana'a, na'urar nan amana ce a hannunmu, kuma kuɗin da aka ci a kan motar marayu ko ta mai haya ba ya zama.

In ka samu mai na'ura a Tahoua, ka gwada shi da tambaya biyu kafin ya taɓa komai: wane pus motar ke ci, kuma zai sauke tablo ne ko ta kafar ƙasa zai bi. In ya ce 4D67, ta ƙasa, bismillah. In ya fara lalubo almakashi, ka ce masa ka fasa. In babu, ba sai ka ɗoro motar zuwa Yamai ba, tafiyar fiye da kilomita 500 ce, kuɗin ɗauko ta ya fi na kawo mai aikin da jakarsa a bas. Ƙarfen da aka riga aka yanka maka kada ka yar, da shi za a kwafi yankan sababbin. Kuma ka ce a shigar maka da guda biyu a zama ɗaya, tun na'ura na jone, don na biyun a lokacin kuɗin pus da yanka ne kusan kawai. Ɗaya a aljihunka, ɗaya ka ba Hajiya ta sa a ƙasan akwatinta. Kafin nan, a turo motar daga ƙofar gidan mutane a shigar da ita inda ake rufe ƙofa da dare.