Abin da ya kayar da LSU bayan kakar 2019

Malam, ka tambayi yadda ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar LSU, wadda ta lashe dukkan wasanninta 15 a 2019, ta koma cin 5 da shan kashi 5 a 2020. Mutanenta ne suka watse. Joe Burrow, wanda ya jefa ƙwallayen ci 60 a kakar 2019, ya wuce NFL, gasar ƙwararru, cikin 'yan wasan LSU 14 da aka ɗiba a 2020. Joe Brady, mai tsara dabarun jifa, ya koma ƙungiyar Carolina Panthers ta NFL, Dave Aranda, mai tsara dabarun tsaron baya, kuma jami'ar Baylor ta ɗauke shi. Ga korona, Ja'Marr Chase, ɗan wasa mai cafke jifa, ya ƙi bugawa. A ganina rashin Aranda ya fi ciwo: wasan farko kaɗai Mississippi State ta zura musu maki 44.