Kwamfutar hannu ko malamin lesin: wanne zan saya wa ɗana?

Tambaya: Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Kullum dare yana kan littafi, yana ta jan layi da alƙalami mai launi, amma kemistiri da fizis sai faɗuwa. Yanzu har ya fara cewa kansa ba na kimiyya ba ne. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su iya: kwamfutar hannu ko malamin lesin. Wanne ya fi? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, ki ɗan riƙe kuɗin nan tukuna. Yaronki ba rago ba ne, salon karatunsa ne ke cin amanarsa. Idan mutum ya maimaita shafi sau biyar, ido kan saba da shi har ya zaci ya iya. Ranar jarrabawa a ce ya lissafo ƙarfin lantarki da dokar Ohm ta fizis, sai kai ya ɗauki zafi. Wanda ya sha wahala wata uku bai ga sakamako ba, dole zuciyarsa ta karaya.

A 2013 masanin halayyar ɗan Adam John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda goma. Jan layi da maimaita karatu suna cikin na ƙasa. Biyu ne suka yi zarra: ɗalibi ya riƙa gwada kansa da tambayoyi, kuma ya rarraba bitarsa a kwanaki daban-daban. Tun 1885 ma wani masanin halayyar ɗan Adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo.

Saboda haka abin da zan fara saya shi ne littafin tambayoyin jarrabawar baya, wanda ake warware amsoshinsa mataki-mataki. Ki buɗe ki duba kafin ki biya, domin wasu harafin amsa kawai suke bugawa, irin waɗannan ba su da amfani. Sai littafin rubutu guda na ajiye kurakurai. Kowace rana ya rufe littafin karatu, ya amsa tambaya biyar cikin minti 30, ya duba inda ya zame, bayan kwana uku ya sake gwada waɗanda suka kayar da shi. Ya fara da masu sauƙi. Ranar da ya daidaita lissafin sinadarai shi kaɗai, za ki ga fuskarsa ta sauya, sha'awar kuma daga nan take tsirowa.

Kwamfutar hannu fa? Bidiyon gwaje-gwaje na da daɗin kallo, amma kallo ɗan'uwan maimaita karatu ne, ga kuma wasanni a gefe.

In bayan mako shida akwai babin da ya ƙi shiga, to ki nemo malamin lesin. Ki zauna a darasin farko ki lura da hannun da alƙalami yake ciki. In malamin ne ke ta rubutu yaro na gyaɗa kai, ki nemi wani.