Mai zane ya ce aikinsa ya ƙare, ɗan kwangila kuma yana tambayata girman rodi

Tambaya: Assalamu alaikum Akitek. Na biya wani ya zana min gida mai bene, ya ba ni hoton 3D mai kyau da takardu huɗu, hukuma ma ta buga hatimi. Yanzu an haƙa fandisho, ɗan kwangila sai tambayata yake rodi nawa za a sa a fila, kaurin dekin nawa, ni kuwa ban sani ba. Na kira mai zanen ya ce nasa ya ƙare tunda izini ya fito. Birkila ya ce in bar masa kawai ya saba. Wallahi barci ya gagare ni, iyalina ne za su kwana a ƙarƙashin wannan dekin. Me ke wuyan mai zanen nan a yarjejeniya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yallabai, a dakatar da aikin nan tukuna, kar a zuba ko kwano ɗaya na kankare sai an warware wannan magana.

Abin da ke wuyansa ya danganta da abin da kuka rubuta, don aikin akitek mataki-mataki ne kuma kowane mataki da kuɗinsa. Akwai zanen farko na fahimtar juna, akwai zanen neman izini, sannan akwai zanen aiki wanda shi ake riƙewa a wurin gini. In ka biya har zanen aiki, to dole ya ba ka filan, wato zanen shimfiɗar ɗakuna kamar ana kallonsu daga sama, fuskokin gini, yankan gini da ke nuna tsayi da kauri, zanen ƙananan wurare irin matakala da mahaɗar rufi a sikeli 1:20 ko 1:5 (wato santimita ɗaya a takarda daidai yake da 20 ko 5 a gini), jadawalin ƙofofi da tagogi, da sifesifikeshan, wato takardar da ke faɗin irin kayan da ingancin aikin da ake so. Kuma waɗannan takardu dole bakinsu ya zo ɗaya, ba filan ya ce wani abu yanka ya ce wani ba. Doka ba ta ce sai ya zama marar kuskure ba, ma'aunin shi ne ƙwarewa da kulawar da ake tsammani daga kowane ƙwararre a fannin, wanda shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila ta shahara da shi, asali kan likita ce amma daga baya aka riƙa auna sauran ƙwararru da ita. Zuwa duba gini kuwa aiki ne daban, in ba a rubuta ba kar ka ɗauka yana ciki.

Amma ko da zanen izini kaɗai ka saya, akwai abin da ba zai kauce masa ba: ya gaya maka ƙarara cewa da wannan ba a gini, kana buƙatar gwajin ƙasa da injiniyan da ke lissafin ƙarfin gini da rodi. Shirun da ya yi shi ne babban laifinsa a wurina.

To ga inda raina ke ɓaci, don kullum sai na gamu da shi. Mutane sun ɗauka hatimin hukuma na nufin gini ba zai faɗi ba. Wa ya gaya muku haka? Galibin abin da ake dubawa a can shi ne tazarar gini da titi da maƙwabta, tsayinsa, me za a yi da shi, iska da haske, kuma ko a inda suke duba lissafin injiniya ai abin da aka kai musu kawai za su duba, takardunka huɗu babu lissafi a ciki to me suka duba? Hatimin bai san irin ƙasar filinka ba, bai san ko tsohon kududdufi ne aka cike ba. Hoton 3D kuma kwalliya ce zalla, a kwamfuta za ka iya ɗora hawa goma a kan tsinken tsintsiya ya tsaya cak.

Ka yi wannan lissafin da kanka. Kankare mai rodi nauyinsa ya kai kusan kilo 2,400 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a tsayi. Dekin mai kaurin milimita 150 ke nan kilo 360 a kowace murabba'in mita. Ɗaki mita 4 sau 4 ya tashi kilo 5,760, kusan tan 6, tun kafin a ɗora bulo da tayil da tankin ruwa da mutane. Wannan nauyin ne za ka bar wa "na saba"? Ina girmama birkiloli, da hannunsu muke cin abinci, amma sabo ba lissafi ba ne. Rodi mai milimita 12 da mai 16 a ido bambancinsu kaɗan ne, a lissafi kuwa ƙarfen da ke cikin na 16 ya kusa ninka na 12 sau biyu. Shi birkila ya ga gidajen da suka tsaya ne, bai san saura ƙiris nawa ya rage musu ba, kuma gini ba lallai ya faɗi ranar da aka cire katakon da ke tallafe da deki ba, yana iya shekaru yana tsagewa a hankali sai ranar da mai gida ya ce a ƙara hawa ɗaya.

Sannan ga 'yan bumburutun sana'a, mutum ya koyi AutoCAD, manhajar zanen gini a kwamfuta, wata uku, ya kwafo zanen wani fili ya manna a naka, ya je ya biya wani mai rajista ya sa masa hannu a zanen da ko buɗe shi bai yi ba. Shi mai sa hannun ya sani alhakin ya hau kansa, a kotu da kuma gaban Allah. Ina zargin irin wannan ka faɗa hannunsa, don akitek na gaske ba zai ji ana haƙa fandishon bene babu zanen injiniya ya ce ba ruwansa ba.

Ka ɗauko yarjejeniyar, in babu to rasit da saƙonnin waya ma hujja ne. Ka rubuta masa a takarda, ka lissafa abin da babu, ka ba shi wa'adi, ka kuma nemi lambar rajistarsa ka tabbatar a hukumar da ke yi wa akitek rajista, can ne kuma za ka kai ƙara in ya ƙi. Kar ka jira shi, ka nemi injiniya mai rajista ya zo ya ga ramin nan da idonsa kafin a rufe, ya fitar da zanen rodi, kuma a rubuta a sifesifikeshan cewa za a ɗebi samfurin kankaren a gwada ƙarfinsa bayan kwana 28.